Yadda Ake Cin Raba Gardama da Hoto, Ko da Mai Hoton Ya Sake Shawara

Kai da ka buɗe wannan shafi, ka taki sa'a. Idan ka bi matakan da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake ba ƙari, na yi maka alkawarin za ka ci duk wata ƙuri'ar raba gardama da aka ajiye a gabanka, ko ka san abin da ake gardama a kai ko ba ka sani ba. In ma ba ka sani ba ya fi, aikin zai fi maka sauƙi. Ba ka bukatar takardar makaranta, ba ka bukatar hujja. Hoto mai kyau kake bukata, da maƙogwaro mai ƙarfi, da wuyan da ba ya waiwaye.

Ba da ka nake magana ba. An gwada wannan hanya a bakin iyakar Jibiya, ta kuma yi aiki fiye da yadda aka so. Wanda ya gwada ta sunansa Abdulbaƙi, tsohon ɗan dako da bayansa ya gaji da buhu amma bakinsa bai gaji da komai ba. Da shi za mu riƙa misali.

Ga yadda abin yake, don kada ka ɓata. Kusa da shingen iyaka akwai tsohuwar tasha a ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro, inda motocin Maraɗi ke sauke kaya na Katsina su ɗauka. Ƙungiyar masu lodi da dako ce ke riƙe da tashar, ita kuma ƙungiyar ta rabu gida biyu tun ba yau ba: 'yan Igiya, mutanen Alhaji Zunnuraini, da 'yan Gammo, mutanen Alhaji Ɗantala. Ana nan sai wani ya kawo shawarar a tayar da tashar da duk rumfunan cikinta, a mayar da su wani fili can ta hanyar Mazanya inda babu matsi. Babu matsi kam, wannan gaskiya ne. Babu kuma inuwa, babu ruwa, ga rairayi mai haɗiye taya, wanda direban da ke ƙaunar motarsa ba zai bi ba ko an ɗaure shi. Gardama ta yi tsami, har wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce a yi yadda ya taɓa gani ana yi a ƙetare, a tambayi kowa da kowa: Eh ko A'a.

A gindin bedin da ya fi girma kuwa akwai rumfar Hajo mai shinkafa da wake, yayar Abdulbaƙi. Ita ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu. A tukunyarta ya girma, a tukunyarta 'ya'yansa ke girma yanzu. In Eh ta ci, rumfar ta tashi. Riƙe wannan a ranka, domin shi Abdulbaƙi bai riƙe ba.

Mataki na 1: Zaɓi ɓangare kafin tambaya ta iso

Kada ka tsaya jin abin da ake tambaya. Dubi bakin shugabanka. In ya buɗe ta sigar Eh, kai ma Eh.

Kada kuma ka dame shi da neman dalili, don mai yiwuwa shi ma bai tanada ba. Alhaji Zunnuraini ya ce Eh ne saboda an gaya masa Ɗantala zai ce A'a. Ɗantala ya ce A'a ne saboda an gaya masa Zunnuraini zai ce Eh. Har yau ba a gano wanda ya fara ba, kuma dukansu biyu suna rantsuwa cewa sun yi nazari mai zurfi.

Abdulbaƙi, ɗan Igiya, yana zaure lokacin da Alhaji Zunnuraini ya furta Eh ɗinsa. Bai jira ƙarshen zancen ba ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, an gama. Bar mani wanga aiki."

A nan take aka naɗa shi daraktan yaɗa labarai, muƙamin da babu shi a ƙungiyar kafin wannan safiya. Tun da aka haife shi ba a taɓa kiransa da wani abu da ya wuce "kai, zo ɗauki wannan" ba. Ya fito daga zauren nan yana jin ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Mataki na 2: Kai hoton shugaba asibiti

Shugabanka na gaskiya ba zai ci maka zaɓe ba. Ka dube shi da kyau. Alhaji Zunnuraini dattijo ne siriri, gemu ya yi fari fat, gwiwa ta ƙi, haƙoran gaba sun yi ƙaura, ga tari da ba ya barinsa ya kai ƙarshen gaisuwa. Mutumin kirki ne, amma kirki ba ya fitowa a fasta.

Nemo tsohon hotonsa, na lokacin da jini ke jika. Abdulbaƙi ya samo na shekarar da Alhaji ya fara zuwa Makka, ya kai wa Lawwali mai gyaran hoto da kwamfuta, ya ja kujera ya zauna a bayansa.

"Goge mai wanga layi na goshi. Yauwa. Ƙara mai kumatu."

Lawwali ya ƙara.

"Ƙara. Hular nan ta yi gajarta, ja ta sama. Sa mai haƙorin Makka, guda biyu. Kahwaɗar hwa? Buɗa ta, ta cika takardar."

"Darakta, in na ƙara, ba Alhaji ba ne kuma," in ji Lawwali.

"Wa yac ce maka Alhaji muke nema? Eh muke nema."

Aka ɗaga masa yatsa ɗaya yana nuna sama. A bayansa aka jera dogayen benaye, da jirgin sama yana sauka, da wani koren fili mai ruwa yana tsartuwa, wanda ba wanda ya ce filin hanyar Mazanya ne, ba kuma wanda ya ce ba shi ba ne. A ƙasa aka rubuta EH da baƙaƙen da makaho zai iya ji a jikinsa. Da aka gama, mutumin da ke cikin hoton ya yi kyan da ko Abdulbaƙi sai da ya gyara zama a gabansa.

*Abin lura:* kada ka nuna wa mai hoton sakamakon aikin sai an buga da yawa. In kuma ya gani, kada ka ji tsoro. Ba a taɓa samun shugaban da ya ce an ƙara masa kyau fiye da kima ba.

Mataki na 3: Liƙa shi inda ido ba shi da mafita

Bango kowa na liƙawa, wannan aikin 'yan koyo ne. Kai liƙa a jikin kura, a gindin buta, a tankin babur, a murfin randar masallaci ta waje, a goshin jakin da ke tsallaka iyaka ba tare da kowa ya tambaye shi takarda ba. Ya kasance mutum in ya rufe ido, haƙoran Makkan nan biyu yake gani.

Sannan ka buga babba guda ɗaya na leda, wanda sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi. Wannan na ranar zaɓe ne.

Abdulbaƙi ya liƙa har a murfin tukunyar Hajo. Ta ɗaga murfin ta juya shi, ta dubi hoton, ta dubi ƙaninta.

"Abdu, wane ne wannan?"

"Haba Yaya, Alhaji ne mana."

"Alhajin da na sani, mai cin tuwo da dasashi? To. Kai ka san mi ake cewa Eh ɗin nan a kai?"

"Ci gaba, Yaya."

"Tashi dai. Cewa anka yi a tada tasha da rumhunan da ke ciki. Wagga rumhwa da kake zaune kana cin wake, ita ce ta hwarko a bakin hanya. Ina kake so in kai tukunya? Ɗiyanka rairayi za su ci?"

Nan fa ka kula, domin a nan masu ƙaramar zuciya ke faɗuwa. Abdulbaƙi ya mayar da lomar cikin kwano. Amma ya dubi murfin tukunyar, ya ga yatsan nan yana nuna sama, ya ga jirgin yana sauka, sai hankalinsa ya dawo.

"Yaya, dubi huskag ga. Mai wagga huska zai bari a cuce ki?"

Hajo ta ƙara masa miya, domin ko tana fushi ba ta iya ganin kwanonsa a bushe.

Mataki na 4: Kada ka bari tambayar ta kai ƙarshe

Doka ta ce a karanta tambayar a bainar jama'a. Kada ka hana, hanawa rashin wayewa ne. Kai dai ka yi hayar makaɗa.

Sakataren ƙungiya, Malam Abbas, tsohon malamin makaranta ne mai son gaskiya. Duk lokacin da ya ɗauki lasifika ya ce, "Shin kun yarda a tayar da..." sai kalangu ya ɗauka, maroƙi ya kwarara kirarin Alhaji, 'yan Igiya su ɗaga hoto sama. In ƙura ta lafa ya sake farawa, sai a sake. 'Yan Gammo da suka ga abin na tafiya, su ma suka kawo nasu makaɗan. Da haka aka yi mako ana karanta tambaya, ba wanda ya ji abin da za a tayar. Wasu sun ɗauka Alhaji Ɗantala za a tayar daga kujera, wasu sun ce farashin dako, wani tsoho ya rantse cewa aljanun tsohuwar rijiya ne, kuma shi yana goyon baya.

Idan wani ya tare ka ya ce yana son bayani, ga amsar: "Kana tare da Alhaji ko ba ka tare da shi?" Yawanci nan maganar ke mutuwa.

Mataki na 5: Yi maganin masu sani

Mai sani sosai ba abin tsoro ba ne. Kada ka yi gardama da shi, ƙara masa sani za ka yi. Abdulbaƙi yakan tsaya wajen Malam Abbas ya ce, "Malam, amma hwa matsin nan shina kawo haɗari." Malam ya ce lallai akwai wannan. Kashegari ya ce, "Amma kuma rairayin can..." Malam ya ce nan ma akwai abin dubawa. Kafin ranar zaɓe Malam Abbas ya fahimci ɓangarorin biyu ƙwarai da gaske, har ya kasa barin kowanne.

Wanda za ka ji tsoro shi ne mai sanin abu ɗaya tak, abin kuma ya shafi tukunyarsa. Irin wannan ba ya jin kalangu. Hajo ta bi 'yan dako ɗaya ɗaya tana yi musu bayani yayin da take zuba musu abinci. Suna ci suna gyaɗa kai, su ce wallahi gaskiyarki Hajo, su suɗe hannu su je su karɓi sabon fasta. Da ta ga haka sai ta rufe tukunya, ta yafa mayafi, ta tafi gidan Alhaji Zunnuraini da ƙafarta.

Abdulbaƙi ya ji labari, ya yi dariya. Wannan shi ne sakacinsa guda ɗaya a duk aikin, kai kada ka yi irinsa.

Ta sami Alhaji a zaure yana shafa wa gwiwa man zafi. Bayan gaisuwa ta ce, "Ranka shi daɗe, sito ɗin nan naka na bakin tasha, shi ma ɗaukar shi za a yi a kai can cikin rairayi, ko shi an yahe mai?"

Alhaji ya dakata da shafar.

"Wane sito? Wai tashar tamu ake nuhi? Ni na ɗauka ɓangaren su Ɗantala za a tada!"

Ya yi salati, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya aika a gaya wa Darakta a dakatar da komai. Saƙon ya isa. Kalangu ne bai bari an ji ƙarshensa ba.

Mataki na 6: Nemo waɗanda ba su taɓa ganin shugaban ba

Wanda ya san shugaba ido da ido ya san tarinsa. Mai ƙaunar gaske shi ne wanda hoto kaɗai ya sani.

Tsarin ƙungiya ya ce duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya a tashar yana da ƙuri'a. Bai ce kayan wa ba. Abdulbaƙi ya bi ƙauyukan yankin Kusa da na Magama da hoto a hannu, yana tambaya, "Ka taɓa sauka tasha da buhunka a ka?" Wa bai taɓa ba? Mutane suka karɓi hoton da hannu biyu. Wata tsohuwa ta rataya shi a ɗaka kusa da jeren kwanoninta, ta ce tun da ya shigo kajinta suka daina mutuwa.

Mataki na 7: Idan mai hoton ya bayyana, ka dake

Zaɓen ƙato-bayan-ƙato aka yi, yadda aka saba a ƙungiyar. Ba akwati, ba dangwale. An kafa babban hoton Alhaji Zunnuraini a gabas, mai son Eh ya tsaya a bayansa. An kafa na Alhaji Ɗantala a yamma, mai son A'a ya tsaya a bayansa. Nasa hoton ba a gyara ba, ya fito da shi sak, abin tausayi.

Layin Eh ya miƙe ya wuce rumfar mai faci, ya lanƙwasa ta bayan masu canjin sefa, har wani jami'in shinge ya leƙo ya tambaya ko rabon wani abu ake. Layin A'a bai kai inuwar bedi biyu ba. Hajo tana ciki, ta harɗe hannu. Malam Abbas yana tsakiyar layukan biyu, ƙafa ɗaya na son gabas ɗaya na son yamma, a haka aka gama ba a ƙirga shi ba.

Ana shirin fara ƙirga sai ga babur ya tsaya. Alhaji Zunnuraini ya sauko da ƙyar, ya dogara sanda, ya ratsa fili. Bai nufi hotonsa ba. Ya je ya tsaya a bayan hoton Ɗantala, abokin gabarsa na shekara da shekaru, ya ɗaga sanda.

"Jama'a! Ku dawo nan! Kuskure munka yi! A'a! Ni ne Zunnuraini, na ce A'a!"

Mutanen ƙauye suka dubi tsohon, suka ɗaga kai suka dubi hoton, suka sake duban tsohon.

"Wane ne wanga dattijo?"

"Cewa yay yi shi ne Alhaji."

"Wanga? Ina kumatun? Ina haƙoran?"

"Su Gammo sunka yi hayar shi. Ko kunya babu, ko mai kama ba su nema ba."

Tsofaffin 'yan Igiya sun san shi sarai, amma kowa ya sunkuyar da kai yana jiran wani ya fara fita daga layi, domin barin dogon layi a koma gajere ba ƙaramin abu ba ne. Sai wani ƙato daga baya ya ɗaga murya.

"Darakta! Kai ka san shi. Shi ne ko ba shi ba ne?"

Ido ya dawo kan Abdulbaƙi kaf. Ga Alhajin da ya ba shi muƙami yana haki. Ga Hajo, kallonsa kawai take irin kallon da take masa yana yaro in ya dawo da rigar makaranta a yage. Yanzu kam ya gane tambayar, ya gane ta har cikin cikinsa. Kalma ɗaya zai faɗa layin nan ya juye. Amma ya waiwaya ya ga layin, tsawonsa, mutanen da shi ya tara da bakinsa, kowa na ce masa Darakta. In ya ce shi ne, gobe ya koma "kai, zo ɗauki wannan."

Ya share gumi. Ya dubi hoton, ya dubi mai hoton.

"To... shina dai ɗan kama da shi," ya ce.

Shi ke nan. Kalangu ya ɗauka. Aka ƙirga, Eh ta ci da ratar da ba a taɓa gani ba. Alhaji Zunnuraini ya sha kaye a hannun hotonsa, Alhaji Ɗantala ne ma ya kama masa hannu ya kai shi kan benci. Aka ɗaga Abdulbaƙi sama ana zagaya tasha da shi. Daga can saman kafaɗun mutane ya hango Hajo tana kwance igiyar rumfa.

*Abin lura:* wannan amsa ta Darakta ita ce ƙololuwar sana'ar. Ba ƙarya ba ce, ba kuma za ka iya barci a kanta ba.

Mataki na 8: San yadda za ka yi da ragowar hoton

Bayan nasara hoto zai yi maka yawa. Ƙananan ba matsala, masu ƙosai da masu tsire za su raba ka da su. Babban ne aiki.

Tasha ta koma fili. Direbobi suka gwada rairayin sau ɗaya, suka koma sauke fasinja a bakin kwalta su wuce abinsu. Muƙamin darakta ya ƙare ranar da aka ƙare ƙirga, ba wanda ya sanar da Abdulbaƙi, shi ya lura da kansa. Hajo ta kafa sanduna huɗu a sabon wuri, ba bedi, ba rufin kwano, rana tun safe har cikin tukunya.

Abdulbaƙi ya naɗe babban hoton ledar ya ɗauko shi a ka, dakon farko da ya yi tun da ya zama babban mutum. Ya sauke a gabanta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Yaya, na ce ko za ya yi maki inuwa."

Ta dubi ledar. Sannan ta kama gefe ɗaya, ya kama ɗaya, suka ɗaga. Ya juya shi yadda fuskar za ta kalli ƙasa, wajen masu cin abinci.

"A'a," in ji Hajo. "Juya shi sama. Shi yac ci zaɓen, shi sha ranar."

Suka ɗaure. Ta buɗe tukunya, wadda rabinta ma ba ta cika ba yanzu, ta zuba masa, ta ƙara masa miya. Ya zauna a ƙarƙashin bayan hoton, fari fat ba rubutu ba fuska, shi kaɗai ne a kan bencin.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin nasara, nasara kuma ka gani da idonka. Bai yi alkawarin za ka so ta ba. Duk abin da ya biyo baya, na tashin tasha, ko mutuwar ciniki, ko shugaban da ya daina amsa sallamarka, ba ruwan marubuci, ba ruwan mai kwamfuta, ba ruwan makaɗa. Mai hoton ma ya ce ba ruwansa, kuma yana da shaidu cewa a layin A'a ya tsaya. Mai ƙorafi ya kai wa hoton. Yana nan ta hanyar Mazanya a kan sanduna huɗu, rana ta fara cin kumatun, amma har yanzu yana murmushi. In ka je, ka tafi da yunwarka ka sayi shinkafa da wake, don matar da ke ƙarƙashinsa ba ta zaɓe shi ba.